Kamfanin UAC a Lokutan Tsanani: Tsakanin Suna da Mallaka, 1929-1994

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda reshen babban kamfanin ƙasashen waje yake sarrafa sunansa da kamanninsa idan tattalin arziki ya shiga halin tsanani. Mun ɗauki United Africa Company, watau UAC, reshen Unilever, domin babu kamfanin Turawa da ya kai shi girma a cinikin Afirka ta Yamma.

An kafa UAC a 1929, shekarar da kasuwannin duniya suka karye, ta hanyar haɗe Niger Company da African and Eastern Trade Corporation. Da farashin gyaɗa da koko ya faɗi, sai ƙananan kamfanoni suka durƙushe, UAC ya saye wasunsu. Amma bai shafe sunayensu duka ba. G.B. Ollivant, wanda ya shiga hannunsa a shekarun 1930, ya ci gaba da ciniki da tsohon sunansa. Mai saye yana ganin kantuna biyu suna takara, alhali kuwa mai su ɗaya ne. A Kano kuma, ta hannun manyan dillalai irin su Alhasan Ɗantata kamfanin yake sayen gyaɗa, su manomi ya sani.

Wannan dabara ba ta ɗore ba. A 1937 kamfanonin Turawa suka haɗa baki a kan sayen koko, manoman Gold Coast, watau Gana ta yau, suka ƙi sayarwa har cikin 1938. A 1948 aka ƙaurace wa kayan Turawa saboda tsada, aka fasa kantuna a Accra. Daga nan UAC ya sake salo: ya shiga ɗora 'yan ƙasa a kan muƙaman manaja, ya kuma karkata ga masana'antu.

A Nijeriya, dokokin mallakar kamfanoni na 1972 da 1977 sun sa kashi 40, daga baya kashi 60, na hannun jarin UAC ya koma ga 'yan ƙasa. Christopher Abebe ya zama shugabansa a 1975, Ernest Shonekan ya gaje shi a 1980. Saboda haka lokacin da farashin man fetur ya faɗi, aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar Naira ta zube, kamfanin ya fuskanci gwamnati da jama'a a matsayin ɗan gida. Duk da haka Unilever ne mai kaso mafi tsoka a hannu guda, kuma a 1994 ya sayar da kason nasa, ya bar wa 'yan Nijeriya sunan.

Abin da muka fahimta shi ne, a tsananin farko kamfanin ya ɓoye girmansa, a na baya ya ɓoye baƙuntarsa. Wajibi ne mai nazarin tarihin kasuwanci ya rarrabe tsakanin sunan da ke jikin kanti da wanda ke da ikon tsayawa ko tafiya.