Tarihin Katse Hanzari a Cikin Kwamfuta

Wayar Android da ke aljihun mai awon gero a kasuwar Tsanyawa a kan Linux take gudana, kuma zuciyar Linux, wadda masana ke kira kanel, tana fama da matsalar da mai awon ya sani sarai. Yana tsakiyar ƙirga tiya sai wani ya yi sallama. In ya amsa lissafi ya ɓace, in ya yi shiru mai saye ya wuce. Taɓa fuskar waya, shigowar saƙo, bugun agogon ciki, kowanne haka yake katse wa kanel hanzari. Tun 1959 Edsger Dijkstra ya yi digirinsa na uku a kan wannan, da kwamfutar X1 a Holand, domin kuskuren da katsewa ke haifarwa ba ya dawowa ranar da ake nemansa.

A ganina, duk ci gaban da aka samu tun lokacin na rage tsawon lokacin da kanel ke toshe kunne ne. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, ya zaɓi doka mai sauƙi: aikin da ya shiga kanel ba a tashe shi sai ya gama ko ya kwanta jira da kansa. Linux ya gaji wannan a 1991, ya kuma ƙara ƙaton makulli guda, mai hana ayyuka biyu aiki a cikin kanel lokaci ɗaya, a 1996 don injina masu ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya. A 2002 aka karɓi gyaran da kamfanin MontaVista ya faro, Robert Love ya raine shi, wanda ya ba aiki mai gaggawa damar tashin wanda ke ciki. Makulli kuma na da nasa haɗarin. Idan aiki na riƙe da makulli, katsewa ta faɗo a kan ƙwaƙwalwar da yake kai tana neman makullin nan, to ita tana jiransa, shi kuma ba zai motsa ba sai ta gama, inji ya sandare ke nan. Shi ya sa ake toshe katsewa muddin irin wannan makulli na hannu, aka hana mai amsa ta kwanciya jira, aka kuma raba aikinsa biyu: ya karɓi saƙo nan take, sauran a yi daga baya.

Wani zai ce tsohuwar doka ta fi aminci, ya kafa hujja da kumbon Pathfinder, wanda kwamfutarsa ta riƙa sake tashi a duniyar Mars a 1997 saboda ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babba ke jira, matsakaita kuma suka hana shi saki. Hujja ce mai ƙarfi, amma injiniyoyin ba su soke tsarin tashin aiki ba. Ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa suka yi. Ban da haka, jinkiri ma ɓarna ne ga injin masaƙa ko na'urar asibiti.

Sauran tafiyar a hankali aka yi ta. A 2009 aka ba da damar mayar da masu amsa katsewa ayyukan da su ma za a iya tashinsu, a 2011 aka cire ƙaton makullin. Aikin PREEMPT_RT na su Ingo Molnar da Thomas Gleixner, mai ba da damar tashin kusan kowane aiki a cikin kanel, bai shiga Linux gaba ɗaya ba sai Nuwamban 2024, bayan kusan shekara 20. Abin da ya tsare shi a ƙarshe shi ne printk, ɗan aikin rubuta saƙon kuskure, wanda dole ya yi magana ko da a tsakiyar katsewa ne.