Daga Dagi Zuwa Katafila: Waiwaye Kan Haƙa a Kwarin Rima

Idan muka koma wajen 1830, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, za mu tarar kusan komai na garin da haƙa ya fara. A tono ƙasa a ɗaga ganuwa, ramin da ya rage ya zama gwalalo. A tono ta gina ɗakuna, wurin ya koma kududdufin da zai tara ruwan damina. Bello ya rasu a can a 1837, kabarinsa na nan har yau, amma sunayen waɗanda suka riƙe dagi da fartanya sun bi iska.

Su ne kuwa gwanayen zamanin. Mai haƙar rijiya ya san ƙasa da idonsa da hannunsa: jar ƙasa, sai laka, sai yashi mai danshi, daga nan ya ce a shirya guga. A fadamun Rabah da Goronyo ruwa ba shi da nisa, don haka manomin rani kan haƙa 'yar rijiya a lambunsa, ya kafa jigo, ya shayar da albasa da tafarnuwa guga bayan guga. Aiki ne mai karya baya, sai dai ruwan na hannun mai gona.

Ƙarni na 20 ya kawo masu tono da wata manufa daban. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da suka zama dutse daga lardin Sakkwato. Wajen 1970 wasu masana daga Italiya suka zo gundumar Goronyo suka tono ƙarin su, har da ƙoƙon kai, kuma a 1972 aka raɗa wa dabbar suna Goronyosaurus. Wata ƙatuwar halittar teku ce mai haƙora kamar na kada, wadda aka ƙiyasta ta rayu shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da teku ke shimfiɗe a inda muke noman shinkafa yau.

Sai zamanin katafila. Madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984, na iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, abin da dagi ba zai taɓa mafarkinsa ba. Bayanta rijiyar bututu da ɗan injin ban-ruwa suka mamaye fadama, musamman da shirin Fadama na shekarun 1990, jigo ya yi ritaya. Ambaliyar da aka yi a yankin a 2010 kuma ta tuna mana cewa ruwan da aka tara wuri ɗaya ba shi hannun manomi.

Ƙoƙon kan Goronyosaurus ɗin nan kuwa yana birnin Florence na Italiya. Ya kamata malaman makarantun Goronyo, Wurno da Rabah su riƙa ba yara labarinsa.