Félix Éboué, Gwamnan Cadi, da Ranar da Babu Ubangida

A zamanin mulkin Faransa a Afirka, ma'aikacin gwamnati ba ya hawa da ƙwazonsa kaɗai. Sai yana da ubangida a Paris, minista ko ɗan majalisa, wanda zai ambaci sunansa. Félix Éboué ya san wannan sarai. An haife shi a Cayenne, ƙasar Guyane ta Amurka ta Kudu, a 1884, jikan bayi ne. Ya yi makarantar horar da jami'an mulki a Paris, aka tura shi Ubangi-Shari, wato Afirka ta Tsakiya ta yau. Ya yi shekara kusan 20 a can, yana koyon harsunan mutane, ƙarin girma kuwa yana zuwa da tafiyar hawainiya.

Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Senegal, ya tsaya masa. A 1932 ya zama babban sakatare a Martinique, a 1936 kuma gwamnan Guadeloupe, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan kujera. Amma 'yan siyasar tsibirin da bai biye musu ba suna da nasu iyayen gida, aka janye shi a 1938. Sai minista Georges Mandel ya ba shi Cadi. Ya sauka Fort-Lamy, wadda ake kira N'Djamena tun 1973, a Janairu 1939.

A Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamnatin Vichy ta sallama, Mandel ya shiga hannu, Diagne kuwa ya riga ya rasu tun 1934. Gwamnoni da yawa suka bi sabon mai iko don tsare kujerarsu. Éboué yana da abin tsoro fiye da nasu, gama 'ya'yansa maza biyu suna hannun Jamusawa. Duk da haka ya aika wa Gwamna Bourdillon a Ikko, don cinikin Cadi ya dogara ga hanyar Nijeriya. Ran 26 ga Agusta 1940 ya shelanta cewa Cadi ta bi Janar de Gaulle. Vichy ta tuɓe shi, ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa.

Wannan mataki ya buɗe wa jiragen Ingila hanya daga Takoradi, ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, har Masar. Éboué ya zama babban gwamna a Brazzaville, ya rasu a Alƙahira a 1944.

Ba a ce mulkin da ya yi wa hidima adali ba ne. Aikin tilas da haraji sun gallabi talakawa. Amma 'yan'uwa masu aikin gwamnati su lura. Yusufu ma ta bakin mai shayarwar Fir'auna ya fita kurkuku, saboda haka samun mai ambaton sunanka ba laifi ba ne. Sai dai akwai ranar da ubangida zai faɗi, takarda tana kan tebur tana jiran sa hannu, ba wanda za a tambaya sai lamiri da Allah.