Saura ƙiris: Ƙananan abubuwan da ke raba gardama a wasan ƙwallon ƙafa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Daura, ko a teburin mai shayi bayan an tashi wasa, ya san yadda muhawarar take farawa. Wani zai ce da ƙwallon nan ba ta bugi turke ba da an ci, wani ya ce alƙali ne ya ƙara lokaci fiye da kima, na uku kuma ya rufe zancen da cewa sa'a ce kawai. Haka ake yi a Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, ko wasan na Firimiyar Ingila ne ko na ɗalibai a filin makaranta. Sai dai mafi yawan abin da ake kira sa'a yana da ma'auni, yana kuma da doka a rubuce tun kafin a busa usur.

Me ya sa ƙaramin abu ke da nauyi?

Dalili na farko shi ne ƙarancin ƙwallayen da ake ci. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar an zura ƙwallo 172 a wasa 64, wato ƙasa da uku a kowane wasa. A ƙwallon kwando, inda ƙungiya kan tara maki da dama, kuskure ɗaya yakan nutse cikin sauran. A ƙwallon ƙafa kuwa kuskure ɗaya na iya zama sakamakon wasan baki ɗaya. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya take iya doke babba a rana guda, abin da da wuya ya faru idan za su kara sau goma.

Tazarar layi

Dokokin wasa sun ƙayyade faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44, kuma kaurin layi ba ya wuce santimita 12. Ba a ci ƙwallo ba sai dukkanta ta tsallake layin. Ko da kashi tara cikin goma ya shige, muddin gefenta na saman layi, wasa na ci gaba.

A Janairun 2019 John Stones na Manchester City ya share wata ƙwallo daga bakin raga a karawarsu da Liverpool, na'ura ta nuna abin da ya rage ta shige bai kai milimita 12 ba. City ta ci 2-1, kuma a ƙarshen kaka ta ɗauki kofi da maki 98, Liverpool na da 97. A Qatar, ƙwallon da Kaoru Mitoma na Japan ya dawo da ita daga bakin layi a wasansu da Sifaniya ta rage a fili da abin da bai kai milimita biyu ba. Daga ita aka ci ta biyu, Japan ta yi nasara 2-1, Jamus ta koma gida tun daga rukuni.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana ɗaya ɓangaren. A wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas, bayan an tashi 2-2 da Kamaru, fenaretin Victor Ikpeba ya bugi sandar sama ya faɗo ƙasa. Hotunan talabijin sun nuna ƙwallon ta tsallake layi, amma alƙalin wasa bai amince ba, Kamaru ta ɗauki kofi da 4-3. A wancan lokaci babu na'urar layin raga, wadda sai a 2014 ta shiga gasar kofin duniya, na'urar VAR kuma a 2018.

Mintunan ƙarshe

Tazara ta biyu ta lokaci ce. Gajiya na rage saurin ƙafa da na tunani, ƙungiyar da ke gaba takan ja baya don tsare abin da ta samu, wadda ke baya kuma ta tura kowa gaba tunda ba ta da abin asara. A 1994 a Amurka, Najeriya na gaban Italiya da ƙwallon Emmanuel Amunike har minti na 88, sannan Roberto Baggio ya farke, ya ƙara ta biyu da fenareti a ƙarin lokaci. Bayan shekara biyu, a gasar Olamfik ta Atlanta, reshe ya juya: Nwankwo Kanu ya farke wa Najeriya a minti na 90 a wasanta da Brazil, ya kuma ci wadda ta kammala wasan 4-3.

Magoya bayan Kano Pillars, waɗanda ba su da kaɗan a ƙasar Daura, ba su manta da wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba ba. Sai Masu Gida na gaba da ci 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ukun a kusan kwata na ƙarshe, ta kuma lashe kofin a fenareti.

Bugun fenareti

Ana ajiye ƙwallo mita 11 daga layin raga, kuma a manyan gasanni kusan uku cikin huɗu na bugun na shiga. An amince da fenareti a matsayin hanyar raba gardama a 1970. Kafin haka akan sake wasa, ko a jefa kwabo, kamar yadda Italiya ta fitar da Tarayyar Sobiyet a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai a 1968.

Masu cewa fenareti caca ne suna da ɗan gaskiya, amma akwai abin da ke hannun ƙungiya: wa zai fara, wa zai rufe, ko an yi atisaye, ko mai tsaron gida ya san inda abokan hamayya suka saba bugawa. Pillars ɗin da ta faɗi a fenareti a 2018, da fenareti ta ɗauki kofin a 2019 a Kaduna, bayan ta tashi babu ci da Niger Tornadoes.

Idan maki ya zo ɗaya

A nan ne tazarar ke barin fili ta koma takarda, kuma a nan 'yan kallo suka fi ruɗewa, domin kowace gasa da nata tsari.

Akwai sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu. A Yunin 2005 Najeriya ta yi 1-1 da Angola a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, bayan ta sha kashi 1-0 a Luanda. Duka biyun sun gama da maki 21, Najeriya ta fi yawan rarar ƙwallaye, amma dokar zagayen ta fifita haɗuwa, Angola ta tafi kofin duniya na 2006.

Akwai ƙwallon waje. Da ita Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, bayan 1-1 a gida da 2-2 a Alƙahira. Da ita kuma Ghana ta hana Najeriya zuwa Qatar a Maris ɗin 2022, bayan 0-0 a Kumasi da 1-1 a Abuja. Hukumar ƙwallon Turai ta soke wannan doka a 2021.

Akwai katin gargaɗi. A 2018 Senegal da Japan sun yi daidai a maki da ƙwallaye, haɗuwarsu ma 2-2 aka tashi. Senegal na da katin gargaɗi shida, Japan huɗu, Senegal ta fita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Idan duk wannan bai raba ba, sai ƙuri'a. Haka Gini ta wuce ta bar Mali a kofin Afirka na 2015.

Wasannin ɗalibai

Manyan makarantun Najeriya na da gasanninsu: NUGA ta jami'o'i, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da NICEGA ta kwalejojin ilimi. Daura ma ta zama garin ɗalibai, da Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ban da makarantun sakandare da ƙungiyoyin unguwanni.

A irin waɗannan wasanni ƙananan abubuwa sun fi yin tasiri fiye da a Turai. Gasar ɗalibai gajeriya ce, wasa biyu ko uku a rukuni sai sili ɗaya ƙwale, babu wata kaka mai wasa 38 da za a gyara kuskure a cikinta. Babu na'ura, sai idon alƙali da na masu tuta, kuma mai tuta ba zai iya kallon mai bayar da ƙwallo da mai karɓa a lokaci guda ba, alhali da haka ake hukunta satar gida. Ga kuma yanayin fili: da rani ƙasa na bushewa ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa tsalle ba yadda gola ya zata ba, layin da aka zana da toka ko farar ƙasa kuma ya shafe kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ragar da ba ta da koma, ko mai huji, ta isa ta haddasa rigima kan ko ƙwallo ta ciki ta bi ko ta waje. Wasan da aka fara a makare bayan la'asar kuwa, fenaretinsa a bakin magariba zai faɗo, lokacin da gola ke ganin ƙwallo da ƙyar.

Abin da ke hannun masu shirya gasa

Sau da yawa 'yan kasuwa ne ke sa kofi, malamai da ma'aikata ke zama a kwamiti, kuma su ne ake tarar wa da ƙorafi idan wasa ya watse. Mafi yawan wannan ƙorafi ana iya tare shi tun farko. A rubuta yadda za a raba ƙungiyoyin da suka yi maki ɗaya, a bai wa kowane kyaftin kwafi kafin wasan farko. A ƙayyade ko akwai ƙarin lokaci ko kai-tsaye fenareti za a tafi. A riƙa rubuta ƙwallaye da katuna a takardar da ɓangarorin biyu za su sa wa hannu. A sabunta layi lokacin hutu, a duba koma, a fara wasa da sauran rana. A tantance katin shaidar ɗalibai kafin gasa, ba bayan an ci wata makaranta ba. A kuma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda, kamar yadda ake yi a kofin duniya tun 1986, don kada wata ƙungiya ta shiga fili ta riga ta san sakamakon da ke isar ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan duk wannan, akwai abin da zai rage wanda babu mai iko da shi: ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ko alƙalin da ya yi kuskure da zuciya ɗaya. Wannan na cikin wasan, kuma shi ke raya hirar majalisa har washegari. Alƙalin da ya busa wasan Legas a 2000 yana da mataimaka biyu da filin da aka zana da kyau, amma ya kasa gani. Malamin da aka roƙa ya busa wasan ɗalibai a filin rairayi ya fi shi cancantar uzuri.