Bitamin da Garkuwar Jiki a Tarihin Cutar Ƙanjamau

Tun kafin magungunan danne ƙwayar ƙanjamau su wadatu a Afirka, likitoci sun lura cewa bitamin yakan yi ƙaranci a jinin masu ɗauke da ita. Sai suka yi tunanin ko cike wannan giɓi zai tallafi garkuwar jiki, musamman da bitamin C da E masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa.

A 1995 Wafaie Fawzi na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka soma gwaji a Dar es Salaam ta Tanzaniya a kan mata masu ciki 1,078. Waɗanda aka ba haɗin bitamin B da C da E, ƙwayoyin garkuwarsu na CD4 sun ƙaru, cutar kuma ta yi jinkirin kwantar da su. Bitamin A kuwa, da aka sa wa rai ƙwarai, sai ma ya ƙara yawan jariran da suka kamu.

Tallafi ke nan, ba magani ba, amma a Afirka ta Kudu an ƙi jin wannan bambanci. Ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang ta dinga yabon tafarnuwa da lemon tsami, Matthias Rath kuma yana tallan bitamin a Khayelitsha a madadin magani, har sai da kotu ta taka masa birki a 2008.