3.4 Wakilci da Babban Taro a Ikilisiyar Lutheran ta Arewacin Nijeriya

Duk wanda ya nazarci tarihin Kiristanci a Gusau da Tsafe da Bunguɗu zai lura cewa bai shigo ta hanyar da ya shiga ƙasar Numan ba. A ƙasar Zamfara, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taka wa Turawan mishan birki, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna na cewa ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Don haka yawancin Kiristocin farko a Gusau baƙi ne, wato ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda hanyar jirgin ƙasa ta kawo bayan ta iso yankin a wajen 1929. Ɗarikar Lutheran kuwa can gabas ta kafu, inda wannan hani bai yi ƙarfi ba, saboda haka a can ne ya kamata a nemi tarihin babban taronta.

A shekarar 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Niels Bronnum ya sauka a Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, a ƙarƙashin reshen Danmak na ƙungiyar Sudan United Mission. A wancan lokaci duk wata shawara mai nauyi a hannun Turawa take. Su ke riƙe da kuɗi, su ke tura malamai da masu bishara ƙauyuka, su ke hukunci. Sai a 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, su biyar, wato shekara 35 bayan zuwan Bronnum. A tsakiyar shekarun 1950 ikilisiyar ta tsaya da ƙafafunta, kuma tana cikin waɗanda suka kafa tarayyar TEKAS a 1955, wadda daga baya ta koma TEKAN. Akila Todi ya zama shugabanta ɗan ƙasa na farko a 1960, ya kuma zama bishop a 1973.

A nan ya kamata a bambanta taro iri biyu, domin sau da yawa akan gwama su. Akwai taron shekara-shekara da ake yi a Demsa da rani, wanda kowa na iya halarta, maza da mata da yara, ana wa'azi da waƙoƙi ana kwana a rumfuna. Akwai kuma Babbar Majalisar Ikilisiya, wadda wakilai ne ke zama a cikinta, fastoci da waɗanda ba fastoci ba, kuma ita ke yanke shawara a kan shugabanci da tsarin mulki. Taron Demsa ya fi suna, amma ikon yana hannun majalisa.

Abin da ya sa irin wannan zama ya yiwu shi ne harshen Hausa. Mutanen ikilisiyar ba ƙabila ɗaya ba ne: akwai Bachama da Lunguda da Mbula da Chamba da Kilba da sauransu, kowa da harshensa. Fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ba su harshe guda na ibada da karatu, daga nan kuma ya zama harshen muhawara. Abin lura shi ne, wakilin da ya tashi ya yi jayayya da shugabanni, da harshen da ba na mahaifiyarsa ba yake yi, harshen da ake jinsa a kasuwar Gusau kamar yadda ake jinsa a Numan. Wannan ne kuma ya sauƙaƙa wa 'yan ikilisiyar da aiki ya kai su biranen Arewa su ci gaba da ibada da irin littattafan da suka saba da su a gida.

Sai dai wakilci bai hana rikici ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka kasa ikilisiyar zuwa dayosis-dayosis, kowace da bishop ɗinta, David Windibiziri kuma ya zama babban bishop na farko. Wasu sun ga hikimar hakan, domin ikilisiyar ta yi girman da mutum ɗaya ba zai iya zagaya ta ba. Wasu kuwa suka ƙi amincewa, har suka ware, aka daɗe ana jayayya a kan majami'u. Idan aka duba da kyau, tushen rigimar shi ne tambayar ko shawarar da wakilai suka yanke ta ɗaure waɗanda suka aike su, ko da ba su yarda da ita ba. Wannan tambaya ba ta taso ba a zamanin Turawa, saboda a lokacin ba a aiken kowa.

Daga baya wakilcin ya wuce iyakar Nijeriya. A 2017, a taron Tarayyar Lutheran ta Duniya da aka yi a Windhoek ta ƙasar Namibiya, wakilai suka zaɓi babban bishop Musa Panti Filibus ya shugabanci tarayyar, shi ne ɗan Afirka na biyu bayan Josiah Kibira na Tanzaniya. Ya riƙe muƙamin har 2023, lokacin da aka zaɓi Henrik Stubkjaer, bishop daga Danmak, ƙasar da Bronnum ya fito, ya gaje shi.