Rigakafi kafin tafiya: Abin da maniyyata da fatake daga Sabon Birni da Isa ya kamata su sani

A kowace shekara mutane da dama daga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato suna barin gida domin doguwar tafiya. Wasu aikin Hajji ko Umra ke kai su Saudiyya, wasu fatauci ko ci-rani ke kai su kudancin Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa, wasu kuma zumunci ne ke ƙetarar da su zuwa Tsibiri da Maraɗi da Madawa a Jamhuriyar Nijar, inda 'yan uwansu Gobirawa suke.

Akasarin matafiyan sukan fi mayar da hankali a kan fasfo da guzuri da kuɗin kujera, sai a bar batun lafiya har ranar tashi ta matso. Sai dai alluran da hukumomi ke nema ba sa fara aiki a ranar da aka yi su, kuma kowace daga cikinsu tana da dalilin da ya sa aka wajabta ta.

Sanƙarau

Ƙasar Gobir tana tsakiyar yankin da masana ke kira zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, ya kuma ratsa ƙasashe 26. Cutar takan tashi ne daga watan Disamba zuwa Yuni, lokacin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, abin da ke bai wa ƙwayar cutar damar kutsawa cikin jini, daga nan ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya.

Kimanin mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaronsa ba tare da ya yi rashin lafiya ba. Irin wannan mutum yana iya shiga jirgi garau, ya kwana a tanti ɗaya da mutane masu yawa a Mina, ya kuma baza ta ta hanyar tari ko atishawa bai sani ba. Wanda ta kwantar kuwa tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya, sannan kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira sukan gamu da nakasa, kamar kurumta.

Bayan ɓarkewar cutar a aikin Hajjin 1987 ne mahukuntan Saudiyya suka wajabta wa mahajjata allurar sanƙarau. A 1996 Najeriya ta fuskanci annobar da ta kama mutane fiye da 100,000, ta kuma hallaka sama da 11,000, galibi a arewacin ƙasar. A shekarar, Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga ƙasarta, dubban mutanen da suka riga suka biya kuɗi suka yi sallar layya a gida.

Matsalar ita ce ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, kuma allurar wani nau'in ba ta kare mutum daga wani. A Hajjin 2000 da na 2001 nau'in W135, wanda allurar wancan lokaci ba ta magance shi, ya ɓulla a tsakanin alhazai, ya kuma bi su har gida a ƙasashe da dama, ciki har da Ingila da Faransa. A 2002 wannan nau'i ya haddasa babbar annoba a Burkina Faso. Tun daga lokacin Saudiyya ta koma neman allurar da ta haɗa nau'o'i huɗu, wato A da C da W da Y.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Nijar a 2010, a Najeriya kuma a 2011, ta yi nasarar murƙushe nau'in A, amma shi kaɗai take magancewa. Nau'in C ya bayyana a jihar Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 aka samu mutane fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi jin jiki. Don haka cewa an taɓa yi wa mutum allurar sanƙarau a garinsu ba hujja ba ce, sai an san wace iri ce, kuma a wace shekara.

Ƙa'idar Saudiyya ita ce a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin isa ƙasar. Tsohuwar samfurin allurar shekara uku take aiki a takarda, sabuwar kuma shekara biyar. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ta haɗa nau'o'i biyar.

Shan inna

Dattijo mai shekara sittin yakan yi mamaki idan aka ce sai ya karɓi rigakafin shan inna, cutar da aka sani da kama yara. Dalilin shi ne babba yana iya ɗaukar ƙwayar cutar a hanjinsa, ya fitar da ita a bayan gida, ta isa ga yaron da ba a yi wa rigakafi ba.

Tarihin wannan sharaɗi yana da alaƙa da arewacin Najeriya kai tsaye. A 2003 wasu jihohi, musamman Kano, sun dakatar da ɗigon rigakafin bisa zargin cewa an gurɓata shi, ba a kuma ci gaba da shi a Kano ba sai a watan Yulin 2004. Kafin a shawo kan lamarin, ƙwayar cutar da binciken kimiyya ya nuna cewa daga Najeriya ta samo asali ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. A 2005 ta nakasa ɗaruruwan yara a Yemen da Indonesiya, ƙasar da ta shafe shekara goma ba ta ga cutar ba.

A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar ta daji, bayan an ga ta ƙarshe a jihar Borno a 2016. Amma wani nau'i da ke rikiɗa daga raunanniyar ƙwayar ɗigon, wanda ke samun gindin zama a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, ya ci gaba da ɓulla a jihohin arewa maso yamma, har da Sakkwato. Wannan ne ya sa sunan Najeriya ya daɗe a jerin ƙasashen da Saudiyya ke neman shaidar rigakafin daga matafiyansu. Sharaɗin da aka saba gani shi ne a karɓe shi cikin watanni 12 kafin tafiya, kuma kada ya gaza mako huɗu kafin tashi. Jerin ƙasashen yakan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka sanarwar Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta shekarar da za a yi tafiya ita ce abin dogaro.

Shawara da katin shaida

Zazzaɓin shawara sauro ne ke yaɗa shi, wani nau'i mai ɗigon fari a ƙafafu da ke cizo da rana. Ya kamata a bambanta shi da sauran cututtukan hanta da su ma ake kira shawara a Hausa saboda idon majiyyaci kan koma ruwan ɗorawa. Babu maganin da ke kashe ƙwayar wannan cuta, kuma kusan rabin waɗanda ta tsananta a jikinsu ba sa tashi.

Allurarsa tana cikin mafiya daɗewa da inganci. An samar da ita a 1937 daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a jikin wani majiyyaci a ƙasar da ake kira Ghana a yau, kuma sau ɗaya ake yin ta. A da katin shaidar yakan ƙare bayan shekara goma, amma daga ranar 11 ga Yulin 2016 dokokin lafiya na duniya suka mayar da shi na tsawon rai. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar.

Saudiyya tana neman wannan kati daga duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar, haka ma Ghana da Kwaddibuwa da sauran ƙasashen yankin. Ga mai zuwa kurmi sarin goro ko kai dabbobi, batun ya wuce na takarda, domin cutar ta sake ɓulla a Najeriya a jihar Kwara a 2017, ta kuma bazu zuwa jihohi da dama.

An daɗe ana cinikin katin bogi, wato a biya kuɗi a karɓi takarda mai hatimi ba tare da allura ta taɓa jiki ba. A 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin sama bisa zargin katunansu na jabu ne, lamarin da ya jawo cacar baki tsakanin ƙasashen biyu har ta nemi afuwa daga baya. A watan Yulin 2019 Najeriya ta koma amfani da sabon kati mai lambar da ake tantancewa ta intanet, wanda sashen kula da lafiya a mashigan ƙasa ke bayarwa. Wanda ya sayi katin bogi wataƙila ya wuce jami'in kan iyaka, amma jininsa yana nan yadda yake idan sauro ya cije shi.

Ba kowa ake yi wa allurar ba. Jarirai 'yan ƙasa da wata tara, da mata masu juna biyu, da masu raunin garkuwar jiki, da waɗanda jikinsu ba ya jituwa da ƙwai, sai likita ya duba su tukuna. Haka nan wanda ya haura shekara 60 kuma ba a taɓa yi masa ba.

Matsalar yankin

A Sabon Birni da Isa, sanin ƙa'ida daban, iya cika ta daban. Hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama, sun kori ma'aikatan lafiya daga wasu ƙananan asibitoci, kuma tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. Allurar rigakafi tana buƙatar ajiya cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa hannun mai yin ta, abin da ke da wuya a inda babu wutar lantarki, hanya kuma ba ta da tabbas.

Sakamakon haka maniyyaci daga Gatawa ko wani ƙauye na Isa yakan dogara ne ga ranar da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ta tsayar domin gwaji da allurai. Wanda ya rasa ranar, ko ya jinkirta biyan kuɗi har aka fara jigila, shi ne ke faɗawa hannun masu sayar da takarda.

Masu ƙetarawa Nijar ta hanyoyin daji, ba mai tambayarsu kati. Wannan bai rage musu haɗari ba, musamman masu tafiya da yara zuwa wuraren da ke da cunkoso, inda ƙyanda da mashaƙo da amai da gudawa ke saurin yaɗuwa. Katin rigakafin yaro ya cancanci a adana shi tare da muhimman takardun gida.

Abin da allura ba ta magancewa

Babban abin da ya fi kashe alhazai a 'yan shekarun nan ba annoba ba ce. A Hajjin 2024 zafi ya kai kusan digiri 52 a ma'aunin Salshiyas a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutane 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su samu tantuna masu sanyi da motocin hukuma ba.

Mutumin Gobir ya san zafin bazara, amma a gida yakan fake a inuwa idan rana ta take. A Arfa da wurin jifa kuwa tafiyar ƙasa ce mai tsawo cikin turmutsutsu, sau da yawa ga ƙarancin barci. Likitoci suna ba da shawarar riƙe lema, da shan ruwa tun kafin a ji ƙishirwa, da guje wa fita tsakar rana idan da hali.

Masu hawan jini da ciwon suga da sikila da asma su ne suka fi buƙatar ganin likita da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya. Ana so su tafi da maganin da zai ishe su har su dawo, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, su kuma sa shi a jakar hannu. Dokokin Saudiyya suna da tsauri a kan ƙwayoyi irin su tramadol, don haka bai kamata matafiyi ya karɓi saƙon magani ko ƙullin da bai san abin da ke ciki ba.

Saudiyya ta kuma fitar da jerin larurorin da ta ce masu fama da su kada su zo, waɗanda suka haɗa da ciwon ƙoda da ya kai ga wankin jini, da ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani, da tarin fuka da ba a gama maganinsa ba, da gigin tsufa, da cikin da ya tsufa. Wasu sukan ɓoye larurarsu a wurin gwaji saboda tsoron rasa kujerar da suka shafe shekaru suna tara wa kuɗi. Malamai dai sun yi bayani cewa ikon da ke wajabta Hajji ya haɗa da lafiyar jiki.

Akwai kuma cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma. Ga mutanen da suka saba da raƙumi a kasuwa da gona wannan gargaɗi yana iya zama baƙon abu, amma hukumomin lafiya suna hana alhazai kusantar raƙuman can da shan nononsu ɗanye.

Bayan dawowa

Ranar da alhaji ya sauka, gida yakan cika da masu zuwa barka, yara da manya, ana musabaha ana rungumar juna. Tari da murar da yawancin alhazai ke dawowa da su sukan wuce da kansu. Amma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko sarƙewar numfashi, a cikin mako biyu na farko, ga shi kansa matafiyin ko ga wani a gidansa, alama ce ta a garzaya asibiti a ranar, a kuma shaida wa likita ƙasar da aka fito da ranar da aka dawo.